Akawu Mai Danna Did

Duk unguwar Akawu suke ce masa, ko da yake ya bar aikin akawu tun kafin a yaye wasu daga cikin masu kiransa da sunan. Gajere ne mai ɗan tumbi, yana tafiya da baya a miƙe kamar ana auna tsawonsa. Ba ya fita sai da biro biyu a aljihun gaba, ja da shuɗi, jan kuwa ya daɗe da ƙafewa. Idan ka gaishe shi da Hausa zai amsa maka da Hausa, amma da fuskar mutumin da aka miƙa wa ruwa a kofin da ba nasa ba.

Yana saurayi ya samu aiki a siton wani kamfanin kayan gini. Makullai suna hannunsa, shi ke duba motar da ta shigo da wadda ta fita, shi kuma ake aika wa direbobi da saƙo. Manajan wurin Bature ne, dogo, wanda zafi bai taɓa yi wa daɗi ba, ma'aikata suna kiransa Jan Wuya a bayan idonsa. Daga bakin wannan mutum Akawu ya ɗebo kusan duk Turancin da ya rayu da shi, domin na makaranta bai kai ya kawo ba.

Jan Wuya ba mai yawan magana ba ne. Ya tambayi lebura abu sau ɗaya, lebura ya amsa, ya wuce. Amma Akawu Allah ya yi shi da son fara labari daga tushe. A tambaye shi ko motar siminti ta tashi, sai ya faro daga ruwan da aka yi jiya, ya biyo ta kan surukar direba da ba ta jin daɗi, ya ratsa ta kan tayar da ta yi faci tun wancan makon. Jan Wuya zai saurara har wuyansa ya ƙara ja. Sannan ya cire tabarau, ya murza idanu, ya dafa tebur da hannu biyu, ya dubi Akawu ido cikin ido, ya ce a hankali: "So what DID you do?"

A nan sai an ɗan yi bayani. Turanci yana da wasu 'yan ƙananan kalmomi, do da did da danginsu, waɗanda aikinsu su tallafa wa tambaya ta miƙe. A maganar yau da kullum da ƙyar kunne yake kama su, suna wucewa ne sumul kamar mai riƙe jaka a bayan babban baƙo. Sai dai idan mai magana ya tsaya a kan kalmar ya danna ta, to wani abu ya faru. Yawanci an ba shi amsar da ba ta amsa komai ba, haƙurinsa ya zo wuya. Abin da yake cewa shi ne: na ji duk abin da ba ka yi ba, to wai me dai ka yi?

Akawu bai san wannan ba, babu kuma wanda ya gaya masa. Abin da idonsa ya gani shi ne, cikin ma'aikatan sito kaf, shi kaɗai ake cire wa tabarau. Shi kaɗai ake dafa wa tebur. Leburori ana jefa musu did mara nauyi a tsaye, shi kuwa ana zaunar da shi a ba shi mai nauyi, a tsanake, ana kallon ƙwayar idonsa. Sai ya yanke hukunci cewa Turanci hawa biyu ne. Akwai na talakawa, wanda ake haɗiye kalmomi, akwai kuma na manya, wanda ake ba kowace did haƙƙinta. Ya riƙe wannan fahimta kamar gadon uba. Ranar da Jan Wuya zai koma ƙasarsu ya riƙe hannun Akawu ya ce ba zai taɓa mantawa da shi ba, kuma da alama gaskiya ya faɗa.

Da ya yi ritaya, zaman gida ya gagare shi. Gidansa yana da gareji, mota ce dai Allah bai kawo ba. Sai ya sa aka shafe bango ɗaya da baƙin fenti ya zama allo, ya jera benci, ya kafa alama a bakin ƙofa da manyan haruffa: TURANCIN MANYA. Matarsa ba ta hana ba, amma ta ƙi fitar da firizarta da take sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Saboda haka firizar tana kusurwa tana gurnani duk tsawon darasi, kuma a tsakiyar bayani mai zurfi sai a yi sallama a ce a ba da ƙanƙara.

Ɗalibansa manya ne masu sana'a, suna zuwa bayan la'asar. Akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai wata nas da take son ta ci jarrabawar ƙarin girma, da wasu da suke zuwa su tafi. Darasi ɗaya ne a makarantar, sai dai a canza masa riga. Akawu zai riƙe rula, ya rubuta tambaya a allo, aji ya karanta, idan an iso kan did ya buga rular a tebur.

"Tela, tambaye ni wa ya zo."

"Who came?"

"Ka ji shi. Kai da kake ɗinka wa mutane sutura, ka saki tambaya tsirara a gaban jama'a. Ina rigarta?"

"Who did come?"

"Ka sa mata riga ba ka ɓalla maɓalli ba. Danna."

"Who DID come?"

"Yanzu ka yi magana. Idan ka faɗi haka a gaban Bature, kujera zai jawo maka."

Wata rana nas ɗin ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ni fa ina sauraron masu karanta labarai a rediyo, ban taɓa jin suna dannawa haka ba."

Akawu ya dube ta ta saman tabarau. "'Yata, rediyo da wa take magana?"

"Da kowa."

"To kin ba kanki amsa. Abin da ake dafa wa kowa ai ba a sa masa kayan daɗi. Ni a ofis na koya, fuska da fuska, ba a akwati ba."

Mai gyaran waya ma ya taɓa kawo ƙara. Ya ce wani baƙo ya kawo masa waya, shi kuma ya gyara tsayuwa ya tambaye shi, "What DID you do to it?" Mutumin ya fizge wayarsa ya fice ko sallama babu.

"Kwarjini ne," in ji Akawu. "Bai zaci zai tarar da irin wannan Turanci a rumfar gyaran waya ba. Kunya ce ta kore shi."

'Ya'yan Akawu manya duk sun tsere wa garejin da wuri, wannan makarantar kwana, wancan aiki a wani gari, matan kuma gidajensu. Auta ne kaɗai ya sha darasin tun daga ƙuruciya har ya ƙoshi. Yaro ne mai sanyin hali, mai yawan murmushi, wanda bai taɓa musa wa mahaifinsa ko da a kan launin sama ba. Ya gama karatu ya zauna gida shekara da shekaru yana neman aiki, har ya yi aure a ɗakin baya na gidan, har aka haifa masa jariri, aiki shiru. Shi ke ɗauko wa uwarsa ƙanƙara daga firiza, shi ke goge allon uban. Duk lokacin da wani ɗalibi ya kasa dannawa, Akawu zai ce, "Auta, nuna masa," Auta ya miƙe ya danna did har benci ya amsa.

Sai ga shi wani otal da baƙi 'yan ƙasashen waje suke sauka ya ɗauki Auta gwaji a teburin karɓar baƙi. An ce idan ya yi kyau za a tabbatar da shi. Uwarsa ta goge masa farar riga da kanta, ta hana matarsa taɓawa. Akawu ya sanar da aji cewa ga amfanin Turancin manya nan ya fara fitowa, wanda yake da ido ya gani.

Ba a daɗe ba Auta ya dawo wata rana da yamma. Ya zauna a bakin gareji bai cire takalmi ba.

"Lafiya?" in ji uwarsa.

"Manaja ce ta kira ni. Ta ce baƙi suna kai ƙarata, wai ba ni da ladabi."

"Kai? Kai da ko kaza ba ka iya kora da ƙarfi?"

"Ni ma abin ya ɗaure mini kai, Inna. Wata tsohuwa ta zo tebur, na miƙe tsaye, na yi mata murmushi, na ce what DO you want. Sai ta ja da baya kamar na zare wuƙa. Wani kuma ya ce ɗakinsa ba ruwan zafi, na ce bari in taimaka masa, na tambaye shi who DID give you this room. Ya ce a kira masa manaja."

"To me ta ce?"

"Ta ce rashin kunyar ma da sauƙi, murmushin da nake haɗawa da shi ne ya fi ɓata wa mutane rai, kamar ina yi musu ba'a. Ta ce ƙarshen mako za ta yanke shawara, amma in fara duba wani wurin."

Daga ɗakin baya jaririn ya fara kuka, matar Auta ta leƙo ta koma. Akawu yana tsaye da alli a hannu, ya ji komai.

"Hassada ce," ya ce. "An samu yaro ya fi shugabarsa Turanci, dole a nemi hanyar korarsa. Gobe zan je da kaina."

"Malam, ka bari," in ji matarsa. "Ka bar yaron ya je ya ba ta haƙuri."

"Haƙurin me? Don ya yi magana daidai? Ke dai riƙe ƙanƙararki."

Washegari da safe ya sa kwat ɗinsa ta zamanin sito, wadda yanzu maɓallinta ba ya haɗuwa da ramin. Har ya kai ƙofa sai matarsa ta tare shi tana neman makullin gareji, masu sayen ƙanƙara suna jira.

"Yana aljihunka?"

"Ai kin san jiya da aka tashi daga aji tela ya tsaya yana tambayata wani abu, to shi ma mai wayar nan bai zo da wuri ba, saboda an ce ƙanensa ne ya…"

"Ka bar shi a jikin ƙofar?"

"Ina zuwa. Da na fito sai na tarar an bar famfo a buɗe, kin kuwa san na sha faɗa a kan famfon nan…"

Matar ta sauke bokitin da ke hannunta. Ta rufe ido, ta buɗe, ta riƙe ƙugu da hannu biyu.

"Malam. To wai ina dai ka ajiye shi?"

Akawu yana da wata ɗabi'a, duk maganar da aka yi masa sai ya juya ta zuwa Turanci a ransa, don kada harshen ya yi tsatsa. Ya juya wannan ma. Ta fito masa da did mai nauyi a tsakiya, kuma da muryar Jan Wuya. Ya ɗan tsaya. Sai ya girgiza kai, ya ce a ransa mace mai sayar da ƙanƙara ina ita ina Turancin manya, ya laluba aljihun wando ya miƙa mata makullin ya fita.

Otal ɗin ƙofarsa ta gilashi ce mai buɗe kanta, abin da ya sa Akawu ya miƙa hannu ya tura iska. Ciki sanyi kamar firizar matarsa, ƙasa tana sheƙi har yana ganin tumbinsa a ciki. Auta yana bayan dogon tebur cikin farar riga, da ya hango uban sai murmushinsa na aiki ya daskare.

"Baba, da ka bari…"

"Kai ni wurinta."

Manajar mace ce da ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba, da tabarau, da waya biyu a kan tebur suna ta haske. Ta miƙe ta gaishe shi da Hausa cikin ladabi, ta ba shi kujera, ta sa aka kawo masa ruwa. Auta ya tsaya a jikin bango hannu a baya. Akawu ya ƙudura cewa zai fara da Hausa, ya ajiye Turancin sai ƙarshe, ya sauke mata shi gaba ɗaya.

"Baba, me ke tafe da kai?"

"Ranki ya daɗe, kafin in faɗi abin da ya kawo ni, ya kamata ki san da wa kike magana. Ni na yi aiki a kamfani tun ana rubutu da alƙalamin tsomawa a tawada."

Ya faro daga ranar da aka ɗauke shi aiki. Ya bayyana mata girman siton da yawan ƙofofinsa. Ya kawo labarin wata mota da ta faɗa rami da rodi a cikinta. Wayarta ta yi ƙara, ta kife ta. Ta ce, "Baba, batun ɗanka ne?" Ya ce yana zuwa, ya koma kan motar, domin ba a ciro ta ba tukuna. Wani ma'aikaci ya leƙo ya ce baƙi suna jira, ta ɗaga masa hannu. Ta sake cewa, "Baba, in na gane, so kake a sake duba maganarsa?" Ya ce ai gaggawa ba ta cikin tarbiyyar aikin da ya taso a ciki, ya shiga bayanin yadda ake jera buhunan siminti don kada danshi ya kama su.

Manajar ta cire tabarau. Ta murza idanu da yatsa biyu. Ta dafa tebur, ta dube shi, maganar ta kuɓuce mata da Turanci.

"Baba, what DO you want?"

Wani daɗi ya taso wa Akawu tun daga ciki. Rabon da a danna masa kalma haka tun tafiyar Jan Wuya. Ya gyara zama, ya juya zai dubi Auta don ya shaida, ashe matar ta san manya idan ta gan su. Amma kafin ya buɗe baki sai ta sa hannu ta rufe nata.

"Yi haƙuri, Baba. Wallahi ban kyauta ba. Aiki ne ya yi mini yawa, shi ya sa na yi maka tsawa."

"Tsawa?"

"Wannan tambayar da na yi. Ba a yi wa babba ita. Ka yafe ni."

"Wace tambaya, ranki ya daɗe? Ai daidai kika faɗa."

"Kalmomin daidai ne, dannawar ce matsala. Idan ka taka do ɗin nan da ƙarfi, kamar ka ce wa mutum ne, ka ishe ni, faɗi abin da ya kawo ka ka ba ni wuri. Ana yin ta idan an gaji da kewaye-kewaye, ko an ƙaryata mutum. Wani lokaci abokai sukan yi ta cikin wasa ko mamaki, amma ba a tarbar baƙo da ita." Ta nuna Auta da haɓa. "To abin da ɗanka yake yi wa baƙina ke nan tun safe har yamma. Mutum ya sauka daga jirgi a gajiye, ko jakarsa bai ajiye ba, a tambaye shi kamar an kama shi da kayan sata."

Akawu ya ɗauki kofin ruwan ya kai baki, ya tarar ya riga ya shanye. Ya dubi fuskar matar. Ba ta mayar da tabaran ba tukuna, gefen hancinta ya yi ja inda suke zama, idanunta na wanda yake roƙon Allah ya kawo ƙarshen zama. Ya san fuskar nan. Ya yi shekaru yana kallonta a kan wani dogon wuya, yana komawa gida yana ba da labarin irin girman da ake ba shi a ofis.

"Ni abin da ban gane ba," manajar ta ci gaba, "yaron ba shi da mugun hali. Yana zuwa da wuri, ba ya ƙorafi, ma'aikata suna son sa. Idan halinsa ne raina mutane, ba zan iya ajiye shi ba, don hali ba ya gyaruwa a teburina. Idan kuwa wani ne ya koya masa haka, wannan kuskuren baki ne, cikin makonni kaɗan zai warware. Na tambaye shi ya fi a ƙirga, ya ce haka ya tsinta a gari. Ni kuwa na san ba a tsintar wannan a gari, sai an zaunar da mutum an dasa masa. Baba, kai ne mahaifinsa. Wa ya koya masa?"

Auta ya sunkuyar da kai yana nazarin takalmansa kamar yau ya fara ganin su.

Akawu ya ji kwat ɗin ta matse shi. Kalma ɗaya ce za ta ajiye yaron a bakin aikinsa, kuma ya san ta, gajeriya ce, ko did ba ta buƙata. Sai dai yana ganin inda kalmar za ta bi idan ta fita daga ɗakin nan. Za ta bi ta bakin masu shara zuwa masu gadi, ta hau mota ta sauka a unguwa kafin shi. Nas za ta ji. Tela zai ji, tela kuwa idan ya ji, duk wanda ya zo awon riga ya ji. Ya kuma tuna ɗakin baya, da kukan jaririn, da yadda Auta ya zauna jiya a bakin gareji da takalmi a ƙafa.

Ya gyara murya.

"Wani tsoho ne a unguwarmu."

Auta ya ɗago kai.

"Malamin makaranta ne?" in ji manajar.

"Haka yake cewa. Ya buɗe wani ɗan aji a gareji, yana tara mutane."

"A ina ya yi karatu?"

"Karatu kuma? Wai ya taɓa aiki da wani Bature. Kullum labarin ke nan, Bature ya ce, Bature ya yi. Ni dai a ganina Baturen nan ya sha wahala."

Manajar ta yi dariya, ta mayar da tabaranta. Akawu ya ji maganar tana tafiya sumul, sai ya ƙara mata mai, domin shi mutum ne da ba ya barin labari a rabi.

"Ranki ya daɗe, ba ki ga mutumin ba ne. A tambaye shi hanyar kasuwa, sai ya faro daga ranar da aka haife shi. Ga girman kai. Matarsa tana gaya masa gaskiya, ba ya ji. Wata yarinya ma'aikaciyar asibiti ta taɓa nuna masa kuskurensa a gaban aji, ya yi mata fata-fata. Yaron nan ba shi da laifi, an ɗora shi a benci tun bai san hagu da dama ba. Laifina ɗaya, ni na kai shi."

"Kai, irin waɗannan tsofaffin suna ɓata mana yara," in ji ta. Idonta ya sauka a kan biro biyun da ke aljihunsa, da farin alli da ya maƙale a bakin hannun kwat ɗin, ya ɗan daɗe a wurin. Sannan ta kawar da kai ta jawo wayarta. "To shi ke nan. Zan haɗa shi da babban ma'aikacinmu ya riƙa saurarensa, a sauke masa wannan nauyin daga harshe. Zai zauna. Amma da sharaɗi, Baba. Ka cire shi daga ajin mutumin nan."

"Na cire shi tun yanzu."

"Kuma in kana da hali ka yi wa tsohon magana. Kada ya ƙara turo mini wani."

"Zan same shi har gida," in ji Akawu.

Auta ya rako shi. Wannan karon Akawu ya tsaya ya jira ƙofar gilashin ta buɗe kanta, ya fita cikin zafin rana. Suka taka har bakin titi. Motoci suna wucewa, wani mai gadi yana daga nesa yana kallonsu.

"Baba…"

"Koma bakin aikinka, kada a ce ka fara yawo. Idan uwarka ta tambaya, ka ce na yi wa manajar bayani ta fahimta."

"To, Baba."

"Kuma ka ji sharaɗin da aka kafa. Kada in ƙara ganin ƙafarka a ajin tsohon nan."

Auta ya sosa ƙeya. Murmushin ya dawo masa, na gaske, yana ƙoƙarin danne shi.

"Shi tsohon fa, Baba? Yau da la'asar zai yi darasi?"

Akawu ya ja gaban kwat ɗinsa, ya gwada haɗa maɓallin, ya ƙi, ya ƙyale shi. Ya ɗaga hannu yana tsayar da mota.

"Mutum ne mai taurin kai," ya ce. "Zan gwada yi masa magana a hanya. Amma ban yi maka alkawari ba."